Tsinken bushiya da notin motar Yaya Haruna

Lokacin ɗari, in an idar da magariba an ci tuwo, kakarmu takan sa a tara mata karan gero a ƙofar ɗakinta a hura wuta. Ƙauyenmu yana tsakanin Gazawa da Agiye, nesa kaɗan da kwalta, kuma duk garin Kaka ake ce mata, har maigari. Takan zauna bisa wani tsohon turmi da aka kwantar, ta watsa gujiya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Sauran yara idonsu yana kan bakinta. Ni rabin idona yana kan wutar, don ina tsoron tartsatsi ya tashi ya kama darni. Bai taɓa kamawa ba, amma kullum da ƙoƙon ruwa kusa da ƙafata. Kaka takan nuna ni da karan da take tona gujiya, ta ce in dai maigidanta yana nan, gidan bai buƙatar jandarma. Maigida take ce mani, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa turmin ta ce ga baƙuwa a ƙofa, mu kuma mu ce ta shigo ta ji ɗumi. Cikin baƙin nan nata akwai wadda ta fi zama mani a rai, ta kura da bushiya.

Wai an yi wani babban biki a ƙetaren wani fili na rairayi mai zafi, aka gayyaci namun dawa duka. Ba mai iya ƙetare filin ba takalmi, sai kura da bushiya suka tafi kasuwa wurin baduku. Kura tana isa ta wawuri manya guda huɗu, jajaye masu ado, ba ta ko gwada ba. Ta zura ƙafafu ta sheƙa da gudu, takalma na ta faɗuwa tana komawa tana ɗauka, har ta tuntsure ta gurɗe ƙugu. Shi ya sa har yau bayanta ya fi gabanta ƙasa. Amma ta isa bikin tana ɗingishi, ta tarar da sauran nama, ta ci har ta kwanta.

Bushiya kuwa ta zo da tsinken tsintsiya da ta karya daidai tsawon ƙafarta, kamar yadda iyayenmu ke yi in za su sayo mana takalmin salla. Baduku ya ɗora tsinken bisa wani ɗan takalmi, ya zauna cif. Har za ta karɓa sai ta tsaya, ta ce to wace ƙafa ta auna, ta gaba ko ta baya? Ta koma gida ta auna duka huɗun. Ta dawo da tsinke huɗu, a hanya suka cuɗanya, ta rasa wanne ne na wacce. Ta juya za ta sake komawa. A nan Kaka takan maƙale murya ta yi maganar baduku: “Baiwar Allah, ga ƙafar taki nan tare da ke, ki zura mana mu gani.” Bushiya ta ce a'a, abu ba a yin shi da gaggawa. Da ta dawo karo na uku kasuwa ta watse, baduku ya naɗe fatunsa ya tafi. Shi ya sa har yau bushiya ba ta fita sai rairayi ya huce.

Yara suka yi ta dariya. Ni abin ya dame ni. Na tambayi Kaka me ya hana bushiya fitowa tun da asuba, kuma me ya sa ba ta ɗaura ma kowane tsinke zare mai launi dabam ba. Ta daɗe tana kallona ta cikin hayaƙi, sannan ta turo mani gujiya da karanta.

“Maigida, ci kafin ta huce. Ko ita ma sai ka auna ta?”

Darasin da na ɗauka a daren nan shi ne mutum ya yi sammako kuma ya yi ma tsinkensa alama. Da shi na girma. A lakol ni ne mai duba lissafi sau uku har a karɓe takarda ban gama ba, kuma daga aji shida ban wuce ba.

Shekarar da ta wuce babban wana, Yaya Haruna, ya samu aikin tuƙi a Agadas, ya bar mani ƙaramar motarsa, tsohuwa ƙirar Japan. Ya girme ni da shekara takwas, kuma tun ina ƙarami ya bi motoci, don haka bai zauna wutar Kaka tare da mu ba. Da zai tafi ya ce in riƙa tayar da ita, in kai mutanen gida kasuwa ko likita, amma kada in bari mai gyaran keke na ƙauyenmu ya kusance ta, don shi kowane noti da filaya yake murɗa shi har kan ya cinye. Ranar da na karɓi makulli ban iya cin abinci ba. Amana ce, kuma mai ƙafa huɗu.

Bayan wata biyu ta fara wani ƙara da safe kamar an taka ɗan kare. Na san abin, don na sha ganin Yaya yana gyara shi: fambel ne ya saki, wato igiyar robar da injin ke juyawa. Noti biyu ake sassautawa, a ja igiyar ta miƙe, a sake ɗaurewa. Aikin bai kai a dafa shayi ba. Sai dai ba ni da kile, abin da mutanen Najeriya ke ce ma sifana, kuma in na sa wanda bai dace ba na cinye kan notin, to na ɓata abin da aka ba ni ajiya. Kwana huɗu ina buɗe gaban motar ina kallon notin nan biyu, ina rufewa.

Ranar kasuwar Gazawa na yi dabara. Na ɗauki sabulun wankin matata Hadiza, na jiƙa shi kaɗan ya yi taushi, na danna shi bisa kan kowane noti har siffarsa ta fito, rami mai kusurwa shida. Na yi ma ɗaya alama da farce don kada su rikice. Hadiza ta bi ni da ido har ƙofa, ta ce in na gama kai sabulun yawo in dawo mata da shi, akwai wanki.

A layin masu kayan ƙarfe akwai wani tsoho, Baba Nomau, da ya yi shekaru yana makanikanci kafin idonsa ya rage. Tun daga nesa wani jeri ya ɗauke mani hankali a shimfiɗarsa, kile goma sha biyu cikin jakar leda ja, suna ta walƙiya, kowane da baki biyu, gefe guda buɗe, gefe guda zobe. Na gaishe shi, na kwance ƙyalle, na miƙa mashi sabulun. Ya juya shi, ya sunsuna, ya ce shi ba ya sayen sabulu. Da na yi mashi bayani sai da ya kira maƙwabcinsa mai sayar da kwaɗon ƙofa ya zo ya gani. Baba Nomau ya ce shekara talatin yana wannan sana'a, an kawo mashi zare, an kawo kara, an kawo zane a tafin hannu, amma yau ne aka fara kawo mashi mota cikin sabulu.

Duk da dariyar bai wulaƙanta ni ba. Ya jawo wani gwangwani cike da tsofaffin noti, ya riƙa saka su ɗaya ɗaya cikin ramin sabulun har biyu suka zauna daram. Ya ce wannan sha biyu ne, wannan sha huɗu, kuma ko ban faɗa ba motar ƙirar Japan ce, don motocin Faransa da ya saba da su sun fi son sha ɗaya da sha uku. Sannan ya buɗe jakar jan nan ya ce in karanta lambobin da kaina. Na karanta: takwas, goma, sha ɗaya, sha uku. Babu sha biyu. Ya ɗora sha ukun bisa notin ya girgiza, na ji yana ƙas-ƙas. Ya ce wannan ɗan wasan da nake ji shi ke cinye kan noti, kuma mai saye ba ya ganewa sai ya ja da ƙarfi kile ya zame ya fasa mashi yatsu.

Na nuna wani jerin na gefe, ya ce in bar shi, awon inci ne, motata da milimita aka ƙera ta. Na ɗauka na duba, na ga lambobinsa ɗaya bisa biyu, tara bisa sha shida, irin lissafin da ya kore ni daga lakol. Na ajiye shi da sauri. A ƙarshe ya zaro wani jeri mai guda takwas, ba ya walƙiya, ɗaure da waya, lambobinsa a tone cikin ƙarfen ba fenti ba. Daga takwas har sha tara, da sha biyu da sha huɗu a ciki. Ya zura zoben bisa notin, ko motsi bai yi ba. Ya ce zobe shi ke kwance noti mai tauri don yana kama shi ko'ina, buɗaɗɗen baki kuwa na lungu ne inda zobe ba ya shiga.

Nan fa halina ya motsa. Na ce ko sabulun ya buɗe a aljihuna saboda zafi, ko in koma gida in sake dannawa in dawo kasuwa mai zuwa. Baba Nomau ya dubi rana, ya fara tattara kayansa cikin buhu. Da hannunsa ya kai kan jerin nan mai waya sai na ji na riƙe ɗaya gefen. Na saya.

Da la'asar na kira Yaya Haruna in nemi izininsa kafin in taɓa motar. Na ba shi labarin sabulu, ya yi dariya har yana tari. Na ce saura kaɗan in zama bushiyar Kaka da ta rasa biki. Sai ya ce wace bushiya ta rasa biki? Shi yadda Kaka ta ba shi tun kafin a haife ni, bushiya ta auna sau ɗaya, ta sa takalminta, ta isa da wuri ta ci hanta, kura kuwa ta faɗa rami ba ta ko ji ƙanshin naman ba. Muka yi ta gardama, kowa na rantsuwa da abin da kunnensa ya ji. Can sai ya ce, “Isufu, ni fa lokacin nan sau biyu ina karya hannu bisa jaki.”

Bayan mun aje waya na daɗe zaune bisa tabarma. Kaka ta rasu da daɗewa, ba wanda zan tambaya. Ashe tsohuwar nan duban yaron da ke gabanta take yi kafin ta yanke inda tatsuniya za ta ƙare. Mai rawar kai ta jefa mashi kura rami. Ni mai ƙoƙon ruwa ta watse mani kasuwa, tana fata in gane, ni kuwa na tafi neman zare mai launi. Shekara talatin da wani abu kafin saƙon ya iso, kuma na san da tana nan da ta ce ai da ma ta san maigidanta ba ya gaggawa.

Washegari da hantsi na buɗe gaban motar. Na yi bisimilla, na zura zoben sha huɗu, ya zauna kamar tare aka ƙera su. Na ja, bai motsa ba. Na gyara tsayuwa na sake ja, sai ya yi ɗan ƙara ya saki, kansa lafiya lau da kusurwoyinsa shida. Na sassauta na sha biyun, na ja fambel ya miƙe, na ɗaure su duka. Na tayar da mota, Hadiza ta leƙo daga madafa ta ce yau ba a taka karen ba.

Na kashe injin, na danna fambel da babban yatsa kamar yadda Yaya ke yi. Daidai yake. Hannuna ya sake miƙewa da kansa zai danna na biyu. Na kama shi na sa a aljihu, na rufe gaban motar da ɗayan.