Ana Sara Ba a Kwashewa

A ƙauyenmu na tsibirin Sardiniya kowa Kawu Bachisio yake ce masa, har limamin coci. Gajere ne, ga baƙar magana, kuma tun yana ɗan shekara tara yake haƙar dalma a ƙarƙashin ƙasa. Da yaƙin duniya ya ɓarke aka ɗauke shi soja, aka kai shi duwatsun arewa. Sojojinmu suna haƙa rami don su tashi sansanin 'yan Ostiriya da albarushi, su ma can suna haƙo nasu.

Aikinsa saurare. Ya kwanta, ya manna kunne a jikin dutse. Duk mahaƙi ya san ƙa'idar: muddin kana jin digar abokin gaba, ci burodinka da cuku hankali kwance. Ranar da ta yi shiru, sun gama, albarushi suke lodawa.

Wata safiya a 1917 ya fito daga ramin ya tarar da Laftana Ferraudo, wani injiniya ɗan birni da bai taɓa yin kanta a hannu ba.

"Ranka ya daɗe, a fitar da mutane. Sun gama."

Laftana ya sa na'urarsa ta saurare a kunne, ya kira shi da sunan gidansu. "Ga diga nan ina ji, Orrù. Ko tsoro ya toshe maka kunne?"

"Digar ni ma ina jin ta. Shebur fa? Tun jiya ana sara ba a kwashewa. Wane mahaƙi ne zai yi ta sara bai tsaya ya tofa yawu a hannu ba? Igiya suka ɗaura wa digar, wani ragon yana zaune nesa yana ja."

"Kai za ka koya mini aiki?"

"Wani dai ya kamata ya koya maka, ranka ya daɗe."

Ya san ƙin bin umarni na iya kai mutum gaban bindiga. Duk da haka ya koma ciki ya ce wa mutanensa goma sha ɗaya, "Ku ajiye kaya ku fito. In an tambaya, ni na sa ku." Suka fito, domin a garinmu in mai saurare ya ce a fita, ba a tsayawa neman hula.

Aka ɗaure shi a turke cikin ƙanƙara. Laftana ya kwashi wasu sojoji tara, manoma waɗanda ba su san harshen dutse ba, ya shige da su. Jarumi ne, ba zan hana shi wannan ba. Rana ta biyu da hantsi dutsen ya tashi, ko takalmin ɗayansu ba a samu ba.

A kotun soja, kanar ya so ya rufe maganar. "Ka ce zazzaɓi ne ya ruɗa ka, mu sallame ka."

"Lafiyata ƙalau ranar, ranka ya daɗe. A rubuta na faɗa, aka ƙi ji."

"Ka san kurkuku ke nan?"

"Wanda ya girma a rami za a tsorata da ɗaki?"

Shekara huɗu ya yi a ɗaure. Matar laftana ta karɓi lambar yabo, shi kuwa takardarsa har ya mutu tana cewa ya ƙi bin umarni. Abin yana ƙona mini rai har gobe. Cikin goma sha ɗayan nan takwas sun dawo gida da ƙafafunsu, ɗayansu shi ya haife ni.