Ƙarshen littafin Rabi

Mu matan da ke karance-karance a nan Tawa muna da wata ɗabi'a: da mun haɗu a biki ko a wurin aiki sai wata ta ce, "Wane littafi ke da daɗi yanzu?" Nakan lissafa musu na zamani da nake so, waɗanda marubutansu ba sa tsoron kashe jarumi, ba kuma sa raba wa kowa mota da bene a shafin ƙarshe. Sai dai akwai wani tsohon littafi da kullum nake sawa a gaba, amma ba na iya miƙa shi ban tuna da Kaka Hajo ba, Allah ya gafarta mata, don tana bukata.

A Barmou na tashi. Da an kai hatsi rumbu maza ke ɗaure kaya su tafi biɗa, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya. Gida ya rage mata da yara da ɗari. Bayan lisha Kaka kan hura wuta a bakin ɗakinta, kuma doka ce, duk mai son tatsuniya ya zo da karansa. Ba ka kawo makamashi ba, ba ka zama. Tsohuwar ta iya labari, wannan ba gardama. Amma bakinta reza ne.

Rabi ɗiyar baffana Illa ce, ta girme ni kaɗan. Baffa ya tafi Abijan tun tana goye, ba wasiƙa ba saƙo. Duk motar da ta tsaya a tasha sai Rabi ta leƙa. Wata shekara wani maƙwabci ya dawo daga Sakkwato da littafin Hausa, ya ba ta tunda ita ke lakwal, wato makarantar boko. Labarin yarinya ne da ubanta ya tafi nema ya ɓace, tana jiransa. Rabi ta soma karanta mana a ƙofar ɗakin innarta da 'yar cocila, tana tuntuɓe a kan kalmomi. Kafin mako, har matan maƙwabta sun dawo wurinta. Kowa ya san abin da take nema a cikin takardun nan. Ba ta yarda ta leƙa ƙarshen, wai kada ta ɓata.

Wutar Kaka kuwa ta mutu, ba mai kai kara.

Ranar da ya rage shafi kaɗan, Rabi ta ɗaga tabarma ta ɗauko littafin, sai ga bayansa a yage. Muka waiga, wuta na ci a bakin ɗakin Kaka.

"Kun hana ni kara, na samo abin hurawa," in ji ta. "Ku taho ku zamna. Ni ma na san ƙarshen wanga labari, ba sai da boko ba."

Muka je, har Rabi, tana rungume da ragowar littafin.

Ta ce wani namijin shamuwa ne ya bar ɗiyarsa a sheƙa bisa gawo, ya yi kudu. Kowace damina shamuwoyi na dawowa, ɗiyar na tare su tana tambaya, su sunkuyar da kai su wuce. Rannan wata tsohuwa a cikinsu ta gaji ta ce mata, "Ubanki bai mutu ba, bai ɓace ba. Ya yi ƙiba, ya yi sabuwar sheƙa cike da ɗiya. Da muka ambace ki, cewa ya yi, wace?" Ɗiyar ta ƙi yarda, ta ci gaba da miƙa wuya tana duban kudu, har shaho ya hango wuyan nan ya sure ta.

Innar Rabi ta ce, "Haba Iya, ɗanki ne fa."

"Don ɗana ne na san shi. Masu dawowa ni suka gaya ma, ba ku ba." Ta dubi Rabi. "Ke kuma ki bar zuwa tasha kina ba mu kunya."

Rabi ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta jefa sauran littafin a wuta ta shige ɗaki. Na tsani Kaka a daren nan, kuma har yau ban gama hucewa ba. Gaskiya ta faɗa, Baffa Illa bai taɓa dawowa ba. Amma ba don tausayi ta faɗe ta ba, don an ƙwace mata masu saurare ne.

Na daɗe da aure a Tawa kafin in ci karo da littafin a shimfiɗar wani mai sayar da tsofaffin takardu a kasuwa. A tsaye na buɗe ƙarshen. Uban ya dawo, da furfura, da neman gafara. Ban ko koma gida ba na tari kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Barmou.

Na tarar da Rabi tana sussukar hatsi, jikarta a baya. Na miƙa mata, na ce, "Yaya, ga shi na samo. Ya dawo fa, a ƙarshen ya dawo."

Ta dubi bangon, ta goge hannu a zane, amma ba ta karɓa ba.

"Kai ma masu jira," ta ce. "Nawa Kaka ta ƙarasa mini shi."