Gwangwanin da Muka Naɗe da Baƙin Tef

Wata Lahadi ce a farkon watan Maris na 1999, ina da shekara goma sha ɗaya. Baba ya dawo daga sallar asuba da burodin tamis mai zafi a hannu, ya taɓa ƙafata ya ce, "Yalla, Uwata, sun kusa tashi." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. A lokacin Lahadi ranar aiki ce a Jidda, amma ba a yi mai garejin da ya isa ya fitar da Baba daga gida ba ranar da ake buɗe kakar tseren motoci. Tseren farko a wata ƙasa mai nisa ake yin sa, inda rana ke rigan mu fitowa, don haka mu da sassafe yake iske mu. Kawu Sale, ƙanen Ummata, yana kan rufi yana juya faifan dish, ni ina tsakar gida ina yi masa ihu: "Ya kawo! Ya ɗauke! Halas, bar shi haka!"

Gidanmu a unguwar Karantina ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida da muke rabawa da akuyar maƙwabta da tantabarun Kawu. Talabijin ɗin kan akwatin ƙarfen Umma yake zama, tashar kuma ta waɗansu Turawa ce da ko kalma ɗaya ba ma ji a yarensu. Wannan bai taɓa damun Baba ba. Da motoci sun tashi sai ya ɗauki kujerarsa ya juya wa talabijin baya, ya fuskanci bango, kofin shayi a kan gwiwa. Shekara ashirin ya yi yana kwance ƙarƙashin motocin mutane a wani gareji a Mahjar, kuma ya yi imani ido na ruɗuwa da fenti. Yakan ce, "Injin da zai kai ƙarshen shekara, tun ranar farko ake jin numfashinsa." Aikina shi ne in zama idonsa. Duk sa'ad da aka nuno mota kusa, ƙararta ta cika ɗakin, sai ya ɗaga yatsa, ni kuma in ce ja ce, ko mai ruwan azurfa, ko 'yar ɗorawa. Sunayen direbobin ba sa zama a bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai Mai Haɓa, akwai Shiru-shiru, akwai wani da Umma ta sa wa Ɗan Gaggawa saboda kullum shi ke fara sauka daga kwalta.

Kawu Sale direban wani Balarabe ne a Bagdadiyya, shi kaɗai ke da iƙama a gidan, kuma yana jin wannan takardar zama ta ba shi ilimin komai. Hasashensa ba wuya: wanda ya ci bara shi zai ci bana. Baba kan ce masa, "Kai tuƙi ka sani, ni ciki na sani." Su kwashe rabin tsere suna musu, Umma tana suyar ƙosan da take kai wa leburori bakin titi tana cewa su biyun ko keken kansu ba su da shi.

Al'adarmu ita ce, da an kaɗa tutar ƙarshe a tseren farko, kowa ya rubuta rukunin motocin da yake ganin direbansu zai ɗauki kambun shekarar a guntuwar takarda, ba mai nuna wa wani. A zuba a gwangwanin madara, Baba ya naɗe bakinsa da baƙin tef na wayar lantarki, a ɗora bisa katangar ɗaki. Ba a buɗewa sai ranar tseren ƙarshe, kuma sai mu ukun muna zaune. Wanda ya faɗi shi zai yi mako guda yana ɗebo ruwa daga tankar da ke tsayawa bakin lungu. Tunda dama ɗiban ruwan aikina ne, ba ni da abin asara, sai na mai da hasashen abin tsokana. Shekara biyu ina bin Kawu don kawai in ga Baba ya girgiza kai ya ce an haifa masa 'ya marar kunne.

A wannan safiyar ban san abin da ya shiga kaina ba. Motocin azurfa biyu da suka yi wa kowa fintinkau sun mutu a hanya, ja ta zo ta ci, Kawu yana ta tsalle don takaici. Ni kuwa can tsakiyar tsere na rufe ido kamar yadda nake ganin Baba na yi. Da farko hayaniya ce kawai. Daga baya na fara rarrabewa: wata tana da kaushi in ta sauya giya, wata tana ihu kamar ana matsa mata. Sai ga wata mai sauti sumul, ba ta sarƙewa in ta fito daga kwana. Na buɗe ido na ga 'yar ɗorawa ce, motar da ba wanda ke lissafi da ita. Da aka kaɗa tuta na rubuta ta, na ninke takardar sau huɗu don kada Kawu ya leƙa ya yi min dariya, na suri allona na ruga makarantar Malama Hauwa a makare, na sha bulala biyu ban ji haushi ba.

Watannin nan duk yaran lungunmu tsere muke. Mukan yanka gwangwanin mai, mu yi tayoyi da tsofaffin silifa, mu zana hanya da gawayi tana zagaye kwatami. Maza suka ce mace ba ta tuƙi, na ce to ni ce mai duba inji, kuma duk motar da na ce tayarta za ta fita sai ta fita, domin ni na san wadda aka ɗaure da zare da wadda aka ɗaure da waya.

Bayan aikin Hajji na shekarar aka yi kamen marasa takarda a Mahjar. Da hantsi aka tafi da Baba daga garejin, hannunsa duk baƙin mai. Kawu ya yi ta zirga-zirga, har kafilinsa, Balaraben da yake yi wa tuƙi, ya sa baki, bai yiwu ba. Cikin 'yan makonni aka mai da shi Najeriya, garinsu Gumel, inda ni ban taɓa takawa ba. Saƙonsa na farko a kaset ya zo, hannun wata mata da ta zo Umara. Ya gaida Umma, ya gaida Kawu, ya tambayi tantabaru. Can ƙarshe ya ce, "Uwata, kada ki bari Sale ya buɗe gwangwanin nan. Ina nan tafe kafin a rufe kaka, in Allah ya so."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Duk tsere sai in kara rikoda a bakin talabijin in ɗauko masa ƙarar motoci, ina faɗin launinsu kamar yana zaune ya juya baya. 'Yar ɗorawa ta ci tsere, ta sake ci, har na fara jin kaina ya yi girma, sannan dab da ƙarshen kakar, a wani tsere, ta tsaya cak tana kan gaba. Kaka ta ƙare, Baba bai zo ba. Kawu ya miƙa hannu zai sauko da gwangwanin, na ce sai dai ya fara saukar da ni. Wata kakar ta zo ta wuce. A shekara ta uku aka aiko mana cewa ciwon ƙirji ya ɗauke Baba. Na yi kuka irin wanda ban ƙara yin sa ba, kuma na daina kallon tsere. Gwangwanin na cusa shi ƙasan akwatin Umma, don ina ganin muddin yana rufe, akwai sauran zama ɗaya da Baba bai yi da mu ba.

Sai da aka zo rushe Karantina, muna kwashe kaya, ni da 'ya'yana da Kawu wanda yanzu sai da sanda, na ci karo da gwangwanin. Ya yi tsatsa, amma tef ɗin Baba na nan daram. Kawu ya ce, "Buɗe, 'yar nan. Gidan ma tafiya zai yi." Na sa wuƙa na yanke. Takardar Kawu ce ta fara fitowa, azurfa ya rubuta, kuma direbansu ne ya ci shekarar, sai ga tsoho yana murmushin nasara bayan shekara ashirin da wani abu. Tawa na san abin da ke ciki. Ta Baba kuwa da ajami ce, da tabon yatsansa na baƙin mai a gefe. 'Yar ɗorawa ya rubuta.

Yanzu a bakin tekun Jidda ake yin irin wannan tsere, a garin da aka fitar da Baba daga cikinsa. 'Ya'yana suna kallo a waya, da lambobi da jadawali da masana masu faɗin wanda zai ci tun kafin a tayar da mota, kuma sau da yawa suna dacewa. Ni idan an fara kaka nakan juya kujerata in fuskanci bango, su yi ta yi min dariya. Ban damu da wanda zai ci ba. Abin da nake so shi ne safiya ɗaya da tamis mai zafi, in gaya wa Baba cewa 'yarsa ta yi kunne, mun ji abu ɗaya, mun kuma faɗi tare. Da ya dawo, da mu biyu za mu ɗebo ruwan makon nan.