Ka zo har ƙofata, Malam Muhidin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, da ƙarfe takwas na safe, Allah ya karɓi ran Malam Muhidin Karalić, malamin kimiyya a sakandaren garinmu, Maglaj. Ban cancanci rubuta maka ta'aziyya ba, Malam, amma shiru ya gagare ni.

Shekara tara kana zama da samarinmu duk ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta. Ka yi musu bayanin balaga da sauyin jiki ba ƙumbiya-ƙumbiya. Ka koya musu cewa in yarinya ta ce a'a, to a'a ɗin ce, kuma hawaye ba ya rage namiji. Ranar da ɗana Ajdin ya faɗa mini haka kan abinci, na jefar da cokali.

"Wato ɗan daudu zai mayar mini da kai?"

"Haba Baba, ka je ka ji mana."

Ban je ba. Na bi iyaye gida-gida ina tara sa hannu har aka rufe ajin. Na kira ka mai lalata yara a gaban masu shan gahawa, kai kuwa ka ce, "Senad, gahawarka za ta huce."

Bara wasu yara suka samu hoton ɗiyata Lamija, suka haɗa shi da tsiraicin wata, za su watsa a waya. Wani ɗalibinka ne ya tsaya a kansu har suka goge, ya kuma kai maganar gaba. Da na yi masa godiya, cewa ya yi, "Malam za ka gode wa, kawu." Wata takwas ina cewa gobe zan je neman gafara. Girman kai rawanin tsiya.

Ranar Talatar nan, wajen sha ɗaya, ina faci a shagona, sai na ga takalmanka a bakin ƙofa. Kana tsaye da rigar sanyinka mai ruwan toka. Ka ce, "Senad, yaya Ajdin?" Na ce lafiya, na duƙufa kan taya don kunya. Sanyi ya sa numfashina yana hayaƙi, naka kuwa ba ya yi. Da na ɗago ba ka nan, kuma ba sawu a kan ƙanƙarar da ta rufe bakin ƙofa. Da azahar na ga takardar rasuwarka mai koren gefe manne a jikin masallaci, da lokacin rasuwar a rubuce: ƙarfe takwas na safe. Wallahi har yau tsigar jikina tashi take.

A wajen jana'iza liman ya yi tambayar da aka saba, sau uku: "Kun yafe masa?" Sahu ya amsa, "Mun yafe." Ni me zan yafe maka? Kuka ya ƙwace mini a tsakiyar maza, Ajdin ya riƙe kafaɗata, ko kunya bai ji ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Mirsada da ƴaƴanka biyu da ɗalibanka, Allah ya ba su haƙuri. Mu an tambaye mu, mun amsa. Kai ba wanda ya tambaye ka, kuma da ka zo da kanka, na bar ka a tsaye. Ka yafe mini, Malam.