Hannun da ya wanke gawa ya san abin da ya taɓa

Salamu alaikum mutanen Nima da Maamobi. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har na ji wasu sun fara yi mini addu'ar waɗanda suka riga mu. Ku adana ta tukuna, ina nan da raina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Salamatu, ɗaya daga cikin matan da ake kira idan mace ta rasu a unguwarmu. Wankan gawa aikin ladana ne, koko da ƙosai kuma abincina. Hajiya Memuna ce ta koya mini wankan, kuma darasinta na farko shi ne, abin da ido ya gani a ɗakin wanka a nan ake barinsa.

Sunan mamaciya ba zai taɓa fita daga bakina ba. Amma zan faɗi wannan: na sha kwance zanin mace in tarar nononta ya zama gyambo, an lulluɓe shi da ganye da tsumma. A waje kuwa ana gaya wa masu gaisuwa wai zazzaɓi ne.

Saboda haka ranar da nake wanka hannuna ya ci karo da ƙullutu a nonona na hagu, ban tsaya yaudarar kaina ba. Na san shi. Na kifa bokiti na zauna a kai. Na ji tsoro ƙwarai.

A satin na hau trotro, motar hayarmu ta nan Accra, zuwa babban asibiti. Layi, hoto, allurar da ake gutsuro tsoka da ita, sai jiran sakamako. Likita ta ce kansa ce, irin mai taurin kai. Na ce mata to ta gamu da daidai da ita.

Cika baki ne kawai. Ƙarin ruwan maganin kansa ya kwashe gashin kaina, ƙamshin ƙosaina ma ya koma sa ni amai. Adashina ya tafi a asibiti, tukunyar koko ta koma hannun 'yata Rukaya. Aka yi aiki aka cire nonon. Da aka bincika abin da aka cire, likita ta ce maganin bai kashe cutar duka ba, kuma irinta takan dawo.

Sai ta gaya mini ana gwajin wani sabon magani a kan masu irin larurata.

"Mma Salamatu, ba alkawari zan yi miki ba. Ba mu san ko ya fi wanda muke da shi ba, shi ya sa ake gwadawa. Na'ura ce za ta zaɓa, ko ki samu sabon ko na da. Duk ranar da kika ce kin fasa, kin fasa."

Aka samo mai jin Hausa ta yi mini bayani, na yi ta tambaya har ta nemi ruwa. Maganin da gwaje-gwajensa kyauta ne. Na ce na yarda.

Magana ta riga ni isa Zongo, unguwarmu. Wai na sayar da jikina, wai za a mai da ni ɓeran gwaji. Hajiya Memuna ta zo da kanta, ta ƙi ko zama, ta hau ni da Hausarta ta Zongo.

"Kai Sala, kana da hankali kuwa? An yanke maka nono, yanzu ka ba su sauran jiki su yi wasa da shi? Mace ya rufa asirin shi, ya jira lokacin shi. Haka muka tarar."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Hajiya, ni da ke muka wanke waɗanda suka rufa asirin. Ni ba zan zo hannunki a haka ba."

Ta ja mayafinta ta fita. Daga ranar aka daina aiko mini idan an yi rasuwa. Wallahi wannan ya fi cire nonon yi mini ciwo.

Na faɗa cikin masu karɓar sabon maganin. Ba shan shayi ba ne. Bakina ya fashe, jinina ya yi ƙasa har aka dakatar da shi na ɗan lokaci. Kowane zuwa sai an ɗebi jini, an auna zuciya, an tambaye ni har abin da na ci. Rukaya ta ce, "Mma, ko shugaban ƙasa ba a duba shi haka." Wata da muke zama benci ɗaya da ita ba ta kai ƙarshe ba, Allah ya jiƙanta. Ba zan ɓoye muku wannan ba.

Hoton da aka yi mini kwanan nan bai nuna komai ba. Ko sabon maganin ne ko aikin ne, likita ta ce ba a ganewa daga mutum ɗaya. Ni dai na san Allah ne ya ba da lafiya, kuma ta ƙofar da aka ce kar in shiga ya ba ni ita. Zan ci gaba da zuwa dubawa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata da nas-nas, da Rukaya, da maƙwabtan da suka ci gaba da sayen kokonmu ana tsakiyar tsegumi.

Mata, ku riƙa taɓa jikinku. In kun ji ƙullutu, asibiti kafin ganye. In an yi muku tayin gwaji, ku je da wanda kuka yarda da shi, ku tambayi illarsa, da wanda zai kula da ku in ya cutar da ku. Sabon maganin mai talla a cikin mota kuwa, ku bar masa abinsa.

Abin da ya sa na yi magana yau shi ne, jiya bayan la'asar Hajiya Memuna ta shigo ɗakina, ta ce Rukaya ta ba mu wuri. Ta tura ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta.

"Sala, taɓa nan. Faɗa mini gaskiya."

Na taɓa, na faɗa mata.

Gobe trotron farko za mu hau tare zuwa asibiti. Na tambaye ta ko in ɓoye sunanta. Ta ce, "Sa shi, su gani."