Bishiyar da Yaya Ya Yi wa Magani

A bakin titin Mando na fara ganinta, 'yar bishiya mai ganye launin zinare, wai daga ƙasar waje aka kawo ta. Na dasa ta a gidanmu, ina mafarkin zama a inuwarta da mijin da ban ma haɗu da shi ba.

Yayana manomin masara ya ce, "Ke, yunwa take ji, dubi yadda ta ɗashe." Na ce haka Allah ya halicce ta. Ina fita ya zazzaga mata takin zamani. Kwana huɗu ta ƙone ƙurmus.

Har yau raina tafasa yake. Shi kuwa ya tsufa bai ba ni haƙuri ba, cewa yake matacciya na sayo.