Mashti Isfandiyar, Mai Jiran Azad a Bakin Kogi

Kafin ladan ya gama kiran asuba Mashti Isfandiyar ya riga ya ɗora butar shayi. In ya idar da salla sai ya zura wandon robarsa mai haɗe da takalmi, wanda ke kai masa har ƙirji, ya cusa gurasa da ɗan cuku a aljihu, ya ratsa gonakin lemo ya gangara inda kogin Kilesar ke zuba cikin teku. Nan yakan tsaya cikin ruwa, sanyi na cin gwiwarsa, idonsa na kan wurin da ruwan dutse ke gamuwa da ruwan gishiri. Haka mutanen ƙauyensu Latsara suka san shi kowace kaka, tun kansa yana baƙi. Bana ne karo na farko da kaka ta shigo ba ya cikin ruwan nan, shi ya sa ya dace a faɗi ko wane ne shi, tun yana da kunnen ji.

Azad yake jira, kifin nan da ake ƙyanƙyashewa cikin tsakuwa can kan dutse, ya sauka teku bai wuce yatsa ba, ya yi shekarunsa, sannan wata kaka in ruwan sama ya ɗaga kogi ya juyo gida don ya zuba ƙwai. Isfandiyar ya fara saninsa ne a ƙanƙane. Mahaifinsa makiyayi ne, da rani sukan hau dutse da shanu, shi kuma ya sulale da sandar gora da ƙugiya da fara, ya yini yana fatsar 'yan kifaye masu jajayen ɗigo. Da ya zama saurayi ya sauko bakin teku ya shiga jan taru. Ranar da ya fara ganin babban azad yana walƙiya cikin tarun, sai ya saki igiya ya tsaya kallo, har shugabansu ya zage shi.

"Ni dai ɗan garinmu na gani," in ji shi, duk sanda yake ba da labarin. "Ya tafi da tsumma, ya dawo da rigar azurfa."

Daga baya kifin ya fara ƙaranci. Tifofi suka kwashe tsakuwar kogi, gonakin shinkafa suka janye ruwa, masu kafa taru a ɓoye suka tare hanya. Da gidan ƙyanƙyasar kifi na kan dutse ya nemi wanda zai riƙa kamo iyayen da rai ana kai su a tatsi ƙwai, a reni 'ya'yan a sako su kogi, Isfandiyar ne ya fara miƙa hannu. Tun daga ranar bai sake sa azad a bakinsa ba. Amininsa Zulfakar, mai kwalekwale, har yau bai daina yi masa tsiya ba.

"Kowa na kama kifi ya ci, kai kana kama shi ka sa a mota ka kai shi shan iska. Wai kai direbansa ne ko wanzaminsa?"

"Ungozomarsa ce ni," Mashti yakan ce. "Kai kuma maƙabartarsa."

Nana Mahbanu, mai shagon shayi a hanyar dutse, ta ga abin da ya faru shekarar da ƙasa ta zabtare ta toshe titi. Motar tankin ruwa da Mashti ke rakawa gidan ƙyanƙyasa ta maƙale a layi da kifaye a ciki, injin da ke ba su iska kuma ya mutu. Mashti ya karɓi bokitanta ya shiga sauka kwazazzabo yana ɗebo ruwan rafi yana sauya musu, ya hau, ya sauka, taɓo har wuya. Direbobi suna zaune suna dariya. Wani ya ce, "Baba, a soya su kawai, ga yunwa." Mashti ya ci gaba da ɗibar ruwansa. Da aka ga tsohon ya zame ya faɗi, ya tashi, ya koma ya sake cika bokitin, sai dariyar ta mutu. Ɗaya bayan ɗaya suka jeru daga titi har rafi ana miƙa ruwa hannu da hannu, har da wanda ya ce a soya. Ko kifi ɗaya bai mutu ba.

Amma abin da Zulfakar ba ya iya faɗa sai ya kawar da kai shi ne na kakar da Gulnisa, matar Mashti, ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Abinci ya daina shigarta. Wata safiya ta ce ba abin da ranta ke so sai azad a kan shinkafa da tafarnuwa, irin wanda uwarta ke yi. Kakar nan kuwa kogin ya yi shiru, maza kaɗan aka kama, babu mace ko ɗaya. Ba a daɗe ba sai ga mace ɗaya ta shigo tarun, ƙatuwa, cikinta fal da ƙwai. Daga shi sai Zulfakar a wurin.

"Kai ta gida," Zulfakar ya ce. "Ban ga komai ba. Wallahi ko a gaban alƙali ban gani ba."

Mashti ya rungume kifin cikin ruwa, yana jin motsinta a ƙirjinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce a matso da tanki.

Da yamma ya sayi farin kifi a kasuwa, ya dafa da hannunsa, ya zuba tafarnuwa da yawa ko za ta ɓoye. Gulnisa ta ci loma ɗaya ta dube shi.

"Mashti, shekara nawa ina dafa maka kifi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta shigo ke nan?"

"Ta shigo."

"Da ƙwai?"

"Kamar za ta fashe."

Ta ƙara loma. "To da ka kawo min ita ai da ni da kai mun ɓata. Amma gishirinka ya yi yawa, tsoho. Kullum sai na faɗa."

Kafin ƙanƙarar kan dutse ta narke aka binne ta. Da bazara shi ya saki 'ya'yan kifin nan a kogi, ya zauna a kan dutse har rana ta karkata. Har yau in an tambaye shi ko daidai ya yi, yakan ce bai sani ba, ya dai san ita ta ce daidai ne, kuma Gulnisa mace ce mai iya faɗin abu don kawai ta sauƙaƙa wa mutum.

Mashti, kai ne ka so abu har ka haƙura da cinsa. Kai ne ka tsaya cikin ruwan sanyi har ya cinye maka gwiwa, kana tsare wa jikokin wasu abin da ka hana bakin matarka. Ba a taɓa kiranka gaban taro an rataya maka komai ba, kai ma ba ka nema ba. Uban azad, ungozomar Kilesar, mun gani.

A watan jiya gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, aka sallame shi daga aiki. 'Yarsa Farangis ta zo daga Tehran ta ce sai ta tafi da shi a yi masa aikin gwiwar.

"Baba, hawa na huɗu ne amma akwai lif. Ga asibiti kusa."

"Akwai ruwa?"

"Akwai famfo mana."

Ya yi dariya, ya bar ta ta haɗa masa kaya. Da suka zo gada ya ce ta tsaya. Yayyafi ya fara, kogin ya soma canza launi. Ya fito da sandarsa ya jingina da ƙarfen gadar yana kallon ƙasa, Zulfakar da ya rako su na gefensa, yau babu tsiya.

"Wayar nan taka tana aiki?" Mashti ya tambaya.

"In ta ga dama."

"Ka riƙa kirana da safe. Ba surutunka nake so ba, na ƙoshi da shi. Ka dai miƙa ta kusa da ruwa."

Mun gode, Mashti Isfandiyar. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan Gulnisa, ya dawo mana da kai ka ga kaka da idonka. Ku kuma da kuka gaji tarunsa, da mu da muke cin albarkar kogin nan, in hannu ya kai ga mai ƙwai a tuna da shi a sassauta. Duk mai wani abu da yake so a duniya, ya duba yadda wannan bawan Allah ya so nasa.

Zulfakar yana cika alkawari. Kowace safiya ana ganinsa tsugune a bakin kogi, hannu miƙe bisa ruwa, bakinsa gum. Shekaranjiya, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya miƙa wayar har hannunsa ya gaji, ya ɗauka layin ya yanke. Da ya kai ta kunne sai ya ji numfashin tsohon.

"Zulfakar," Mashti ya ce a hankali. "Ƙara min kaɗan."